Yadda Ake Kwatanta A-kori-kura Kafin Saye a Saudiyya: Girma, Kayan Ciki da Farashi

Tambaya guda ce ke ta dawowa daga 'yan'uwa na Jidda, Makka, Madina da Riyad, kowa da irin salon da yake yin ta. Wani ya ga Tacoma a shafin Amurka, ya buga kuɗin da riyal, ya ga kamar ta fi Hilux ɗin nan sauƙi. Wani ɗan'uwansa ne a Kano ya ce ya samo masa mota ya turo. Wani kuma D-Max da L200 ne suka raba masa hankali. Matsalar duk ɗaya ce: ana ɗora suna a kan suna, farashi a kan farashi, alhali motocin ba iri ɗaya ba ne, kuɗin ma ba a kan ma'auni ɗaya aka rubuta su ba. Ga tsarin da nake ba da shawarar a bi, kuma jerin yana da muhimmanci, kada a tsallake na farko a faɗa na takwas.

Abin da za ka tanada bai da yawa: takarda da biro, tef ɗin awo mai mita biyar zuwa sama, fitilar waya, kalkuletan waya, da bakanike wanda kai ka ɗauko shi, ba wanda mai mota ya nuna maka ba.

1. Takarda kafin mota

Fara da sanin ko za a yi maka rajistar motar da sunanka. A nan yawanci ana yi wa a-kori-kura rajista a rukunin naƙal khas, wato motar ɗaukar kaya ta kai, ba rukunin ƙananan motocin gida ba. Ga ɗan ƙasa wannan ba wani abu ba ne. Mai iƙama kuwa, wato baƙon da ke da takardar izinin zama, dokar zirga-zirga ta ƙayyade irin motocin da zai iya mallaka, don haka sai ya je Murur, hukumar zirga-zirga, da iƙamarsa ya tambaya a kan ainihin motar da yake so, ya ji daga bakinsu. Kada ka dogara da "wane ma ya saya", domin sana'ar da ke kan takardar wane ba ita ce a kan taka ba.

Gargaɗi: kada ka biya kuɗinka a sa sunan wani a istimara, wato takardar rajistar mota. Ranar da kuka saɓa, ko ya rasu magada suka zo, ba ka da abin nunawa. In kuma kasuwanci kake yi da ita a ƙarƙashin sunan ɗan ƙasa, ka shiga hurumin dokar tasattur, mai hana baƙo fakewa da sunan ɗan ƙasa ya yi kasuwanci, wadda hukuncinta ke kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Wannan ba wurin gwada sa'a ba ne.

2. Rubuta aikin da za ta yi

Layi huɗu sun isa. Mutum nawa za su riƙa shiga kullum? Wane kaya za ta ɗauka, kilo nawa, tsawonsa nawa? Kwalta za ta bi ko yashi da dutse? A ina za ta ƙare rayuwarta, nan ko gida?

Amsar farko ita ke zaɓar maka tsakanin gamara ɗaya da gamara biyu, wato mai layin kujeru ɗaya da mai layi biyu, kamar yadda za ka ga ana rubutawa a tallar Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet. Ta uku ita ke nuna ko kana bukatar dabal, mai jan taya huɗu. Mai kai kayan firiji da famfo cikin unguwannin Jidda bai da abin yi da dabal, ƙarin kuɗi ne, ƙarin nauyi, ƙarin shan mai. Mai kai wa raƙuma da tumaki ruwa da ciyawa a bayan gari kuwa in ya sayi marar dabal, a yashi zai riƙa kwana.

3. Tabbatar aji ɗaya kake kwatantawa

Matsakaitan da za ka tarar a kasuwar nan su ne Toyota Hilux, Isuzu D-Max, Mitsubishi L200, Nissan Navara, Ford Ranger, sai na Sin irin su GWM Poer, Changan Hunter, JAC T8 da Maxus. Manyan Amurka, wato F-150, Silverado, Sierra da Tundra, wani aji ne daban. Shas, Land Cruiser 79, ita ma ba ta cikin wannan layi, gininta da kuɗinta na wani fage ne.

Sunaye na yaudara, sai a kula. Hilux ba a sayar da ita a Amurka. Abin da Toyota ke sayarwa can Tacoma ce, kuma ba Hilux aka sauya wa suna ba, mota ce daban da ake haɗawa a Meziko. Dalili ɗaya na rashin Hilux a can shi ne harajin kashi 25 cikin ɗari da Amurka ta ɗora wa irin waɗannan motoci na waje tun 1964. L200 da Triton mota ɗaya ce, kasuwa ce ke sauya sunan. Mazda BT-50 tun 2020 a kan ginin D-Max take, sabuwar Volkswagen Amarok kuma a kan na Ranger. Frontier ta Amurka mai injin fetur 3.8 ba ita ce Navara ba, amma a nahiyar Amurka ta Kudu Navara ɗin ce ake kira Frontier. Idan ka ga bidiyon wani yana yabon mota, fara tambayar ta wace ƙasa yake magana.

Gargaɗi: Tailan, Ostareliya, Afirka ta Kudu, Ingila da Japan sitiyarinsu a dama yake. Saudiyya, Nijeriya, Nijar da Sudan a hagu. Farashin waɗancan ƙasashe ka duba shi don ƙarin sani kawai, motar da ke kan titinsu ba taka ba ce.

4. Mayar da awo ya zama iri ɗaya

Shafukan Amurka da inci da fam da galan suke rubutu, na nan da milimita da kilo da lita. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Fam ɗaya kilo 0.45. Galan ɗin Amurka lita 3.785. In an rubuta ƙarfin inji da kilowat, ninka da 1.34 ka sami doki.

Ja layi a takardarka, kowace mota da gurbinta, ka cike abu biyar: tsawo, faɗi, tazarar tayar gaba da ta baya, tsawon bodi, da faɗin bodi tsakanin kumburin tayoyi. Don ka sami abin farawa, ga na gamara biyu. Hilux zubin da ya fara a 2015 tsawonta kusan mita 5.33, tazarar tayoyi milimita 3,085. D-Max tazararta 3,125. Ranger ta yanzu tsawo kusan mita 5.37, tazara 3,270, kuma ta fi Hilux faɗi. Tacoma ta 2024 mai gajeren bodi ta ɗan haura mita 5.4, mai dogon bodi ta wuce 5.7. F-150 mai ƙofa huɗu tana kusan mita 5.9, faɗinta ya haura mita biyu.

Ka ga a tsawo bambancin matsakaitan bai taka kara ya karya ba. Inda ake shan mamaki shi ne bodi. Gamara biyu bodinta kusan mita ɗaya da rabi ne kacal, gamara ɗaya kuwa kusan mita 2.3. Mai ɗaukar ƙofofi, fayif ko katifa ya tsaya ya yi tunani a nan, domin kujerun baya da zai riƙa yawo da su ba kowa sun cinye masa kusan santimita 80 na wurin kaya. Sai kumburin tayoyi: Ranger ta yanzu an buɗa tsakaninsu har katakon lodi mai mita 1.2 yana zama daram, na Hilux bai kai haka ba. Ga mai ɗaukar buhuna ba komai, ga mai ɗauko kaya daga sito da katako babban abu ne.

Kada ka tsaya a kan lambobin intanet. Ranar dubawa sa tef ɗinka a ƙasan bodi, daga bango zuwa ƙofar baya a rufe, sannan tsakanin kumburin nan biyu. In an shimfiɗa roba a ciki tana cin wasu santimita. Ka auna ƙofar garejinka da lungun gidanku ma. Wanda ya san lungunan tsofaffin unguwannin Makka ya san abin da nake nufi.

5. Lodi da ja

"Tana ɗaukar tan ɗaya" magana ce da kowane dillali ke faɗa. Ainihin lissafin shi ne: nauyin da aka yarda motar ta kai da komai a cikinta, a cire nauyinta ba kaya. Na farkon yana kan farantin da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba ko cikin littafin mota. Abin da ya rage ya haɗa da kai kanka, fasinja, tankin ruwa, ƙarfen da aka ɗaura a baya, har akwatin kayan aiki.

A ce ragowar kilo 1,000 ce. Ma'aikata biyar masu kilo 75 sun ɗauke 375. Saura 625, wato buhun siminti 12 mai kilo 50, ba 20 ba. Wanda ya loda 20 ya kama hanyar Ta'if, birki da taya ne za su biya bashin a gangara.

A nan ne motocin Amurka ke ba mutane mamaki. Tacoma ta fi Hilux jiki, amma iyakar lodinta bai kai kilo 800 ba, domin an fi gina ta don daɗin zama da yawon daji. Hilux, D-Max da Ranger na kasuwar Ostareliya da Turai ana rubuta musu jan tirela mai birki har kilo 3,500, sai dai wannan adadi na wasu samfura ne masu injin dizal. Kada ka ɗora shi a kan mai fetur 2.7 marar dabal da ka gani a nan.

6. Inji da mai

Hilux a kasuwar Khalij, wato ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, tana zuwa da fetur 2.7 mai doki kusan 164, dizal 2.4 mai kusan 148, dizal 2.8 mai kusan 201, da fetur 4.0 mai silinda shida. D-Max an san ta da dizal 1.9 da 3.0. Matsakaitan Amurka kuwa fetur ne, har Ranger ɗin can, alhali Ranger ta sauran duniya dizal ta fi yawa. Mai ɗaukar kaya kada doki ya ruɗe shi, ya duba ƙarfin murɗa da ake rubutawa da Nm: dizal 2.4 ya fi fetur 2.7 nesa ba kusa ba a wannan fanni, ko da dokinsa bai kai ba.

Lissafin mai ya sauya, kuma da yawa har yanzu da tsohon suke aiki. Fetur 91 riyal 2.18 ne lita, 95 kuma 2.33, an tsayar da su haka tun Yulin 2021. Dizal kuwa halala 80 ne, wato riyal 0.80, a 2023, ya koma riyal 1.15 a farkon 2024, ya kai 1.66 a farkon 2025. Duba farashin ranar a gidan mai, sannan ka ɗauki adadin kilomita a lita daga katin shan mai da ke manne a gilashin sabuwar mota. A ce kana yin kilomita 30,000 a shekara, mai fetur tana ba ka 9 a lita, mai dizal 13. Fetur zai ci kusan riyal 7,270, dizal a kan 1.66 kusan 3,830. Ribar shekara kusan 3,400. In mai dizal ta fi tsada da riyal 15,000, sai ka haura shekara huɗu kafin ka fanshe. Mai doguwar tafiya da lodi dizal ya fi masa. Mai zagayen cikin gari, a ganina, fetur 2.7 ya ishe shi, ga sauƙin gyara.

Gargaɗi: dizal ɗin Turai da Ostareliya na zuwa da matatar hayaƙi ta DPF, na Turai da yawa har da tankin AdBlue, ruwan da ke rage gubar hayaƙi. Suna son mai tsaftatacce marar sulfa da yawa. Saudiyya ta koma irin wannan mai, Euro 5, a 2024, amma in motar gida za ta, inda wani lokaci a jarka ake sayen gas a bakin hanya, matatar za ta toshe, motar ta rage gudu da kanta, kuma ba kowane gareji ke da na'urar gyara ta ba.

7. Kayan ciki: layi-layi, ba suna ba

Hilux GL da Hilux Adventure suna ɗaya suke ɗauke da shi, amma tsakaninsu akwai tafiya. Haka ƙaramin samfurin nan ba shi ne ƙaramin samfurin Ostareliya ba. Taurari biyar da ka ga an ba mota a gwajin haɗari na waje, na motar da aka gwada ne da kayan da ke cikinta a can.

Rubuta waɗannan ka riƙa yi wa kowace mota alama: yawan jakar iska, na'urar hana santsi, birki mai kama kansa in an kusa karo, makullin difaransha na baya, kyamarar baya, giyar hannu ko otomatik, da mafitar iskar sanyi ta kujerun baya. Na ƙarshen nan kada ka raina shi. Wanda ya taɓa zama a baya cikin Yuli a hanyar Madina ba sai an yi masa bayani ba.

Motocin Sin a nan suke cin kasuwa: allo babba, kujerun fata, kyamara ta ko'ina, garanti mai tsawo, a kuɗin da ba zai saya maka Hilux mai rabin kayan ba. Ba na kushe su. Amma kafin ka yanke, shiga shagon kayan gyara uku a Sina'iyya, unguwar gareji da kayan gyara, ka tambayi kuɗin fitilar gaba, kuloci da famfon mai, da ko akwai su a ƙasa yanzu ko sai an yi oda. Sannan buɗe Haraj ka ga nawa ake sayar da 'yar shekara uku ta kowane iri. Abin da mota ke zubarwa na daraja a shekara uku shi ma kuɗi ne da ya fita daga aljihunka.

8. Farashi: kawo kowace mota ƙofar gidanka

Nan ne aka fi yin kuskure. Farashin da Amurka ke tallatawa babu harajin jiha a ciki, babu kuɗin kai mota wurin dila. Na Ingila na motocin aiki sau da yawa babu harajin kashi 20. Na Dubai harajin kashi 5 ne a kai. Na nan kashi 15 ne tun Yulin 2020, kuma a ma'arad, wurin sayar da motoci, sai ka tambaya da bakinka ko kuɗin da aka faɗa ya haɗa da dariba, wato wannan haraji.

Riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75, don haka lissafin ba wuya. Tacoma ta 2024 mafi ƙanƙanta an fara tallata ta a dala 31,500, wato riyal 118,125, kuma wannan adadi ne ke sa mutane zumuɗi. To a ce jirgi da inshorar hanya sun ci dala 2,000. Jimla 33,500, riyal 125,625. Kwastan kashi 5: an kai 131,906. Dariba kashi 15 a kan wannan jimlar: an kai kusan 151,700. Ba a sa kuɗin mai fitar da kaya a tasha ba, ba faranti, ba inshora, ba fahas, wato gwajin lafiyar mota. Gajeriyar hanya: ninka kuɗin mota da na jirgi da 1.2075. Kuma bayan duk wannan, ƙaramin samfuri ne marar dabal, ba garantin wakili, kayan gyaransa sai an jira.

Gargaɗi: ba a shigo da ƙaramar mota ta hannu da ta wuce shekara 5, ko wadda ta yi mummunan haɗari, ta nutse a ruwa, ko ta yi aikin tasi ko na 'yan sanda. Akwai kuma sharaɗin shan mai. Duba ƙa'idojin ZATCA, hukumar haraji da kwastan, kafin ka tura ko sisi waje.

In biya kaɗan-kaɗan za ka yi, kada ka kwatanta kuɗin wata. Tara kuɗin farko, na kowane wata, da dunƙulen ƙarshe, ka kwatanta jimla da jimla.

9. Ranar dubawa

Ko a ma'arad ɗin Jauhara a Jidda ne, ko Shifa da Ƙadisiyya a Riyad, je da rana, kuma ka ce kada a tayar da injin kafin ka iso. Inji mai sanyi ba ya ɓoye hayaƙi da ƙara.

Fara da lambar shasi mai harafi da lamba 17, ka ga ta jikin mota ta yi daidai da ta istimara. Farkonta na faɗa maka inda aka haɗa ta: MR0 Toyota ce ta Tailan, AHT ta Afirka ta Kudu, 8AJ ta Ajantina, mai farawa da L daga Sin, mai 3 yawanci Meziko. Tambayi ko ta wakilin Saudiyya ce, ta Khalij, ko shigowar Amurka, domin garanti da daraja a kan haka suke. Ciro rahoton Mojaz don tarihin haɗari da kilomita.

Sannan ka durƙusa. Haska sifirin na baya: in ganyayen sun miƙe sun daina lanƙwasa, ko an ƙara wani ganye sabo a tsakiyar tsofaffi, motar ta sha lodi fiye da ƙima. Bi ƙarfen shasi da ido daga bayan gamara zuwa tayar baya, nan ne walda ke ɓuya ƙarƙashin baƙin fenti. Ɗaga kafet ɗin ƙafar fasinja, ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka duba ko akwai layin laka. Jidda ta sha ambaliya a 2009, 2011 da 2022, kuma motar da ta sha ruwa wayoyinta ba sa daina ciwo. In dabal ce, sa ta a ƙasa mai yashi ka ji ta shiga ta fita ba gardama.

In ta yi maka, kada ka ba da kuɗi hannu da hannu a kan alkawari. Canjin suna sai da fahas mai rai, inshora da sunanka, kuma an biya tarar da ke kai. Yi shi ta Absher, manhajar gwamnati, ko ta ma'arad mai lasisi, ka ga motar ta bayyana a asusunka.

10. Idan gida za ta

Juya tsarin: fara daga can. Kira bakaniken garinku ka tambaye shi wane inji ya iya, wane ne kayansa ke kasuwa. Amsarsa ta fi duk wani bidiyo. Sannan sami mai fitar da kaya a tashar da za ta sauka, Legas ce, Kwatano ko Bur Sudan, ka ba shi lambar shasi da shekarar mota ya rubuto maka kuɗin fito da iyakar shekarun da aka yarda da su a lokacin. Kwastan ɗin Nijeriya tun 2022 da lambar shasi take ƙiyasta darajar mota, ba da rasit ɗin da ka kawo ba.

A nan kuma sai an soke rajistar an ba ka farantin fitarwa kafin motar ta shiga tasha. Kwantena mai ƙafa 40 cikinta kusan mita 12 ne, Hilux biyu masu gamara biyu suna shiga da sauran wuri, don haka in ka sami ɗan'uwa mai tura tasa sai ku raba kuɗin. Mai ƙafa 20 cikinta kusan mita 5.9, guda ɗaya take ci. Ɗauki hoton motar ta kowane gefe da na mitar kilomita a gaban wakilin kamfanin jirgi, cire duk abin da hannu zai iya ɗauka, ka riƙe makulli na biyu da asalin takardu a wurinka har sai an kira ka an ce ta sauka.